Shin Hummer H1 ita ce Humvee ta sojoji da aka sake wa fenti?

Baban Sadiq ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka taɓa ƙarfen nan da hannunsu, ba a hoto kawai suka san shi ba. Kwanakin baya musu ya kaure tsakanina da wani abokin aikina a kan motar nan Hummer H1. Shi ya dage a kan cewa babu abin da ya raba ta da Humvee ta sojojin Amurka illa fenti da kujeru masu laushi, har yana cewa duk wanda ya saye ta ya mallaki motar yaƙi wadda harsashi ba ya huda ta. Ni kuwa hankalina bai kwanta da wannan magana ba, domin ban ga yadda hukumar da ke ba mota izinin hawa titi za ta karɓi abin da aka ƙera saboda fagen fama ba tare da an taɓa komai a jikinsa ba. Sai dai da ya ce in faɗi takamaiman abin da aka sauya, sai na rasa ta cewa.

Saboda haka ina roƙon masana su warware mini: mene ne aka bari yadda yake, mene ne kuma aka canza? Sannan na ji cewa gwamnatin Amurka tana gwanjon tsofaffin Humvee ga fararen hula, to idan haka ne, me zai sa mutum ya zuba kuɗi masu yawa a H1 alhali ga ta asalin nan a araha? Na gode.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, Baban Sadiq. A wajen ƙarfe, abokinka ya fi kusa da gaskiya fiye da yadda kake zato, amma a maganar harsashi ya yi hannun riga da ita. Kamfanin AM General ne ya ci kwangilar Humvee a 1983, ta motoci 55,000 cikin shekara biyar, kuma shi ne ya fara sayar wa fararen hula irinta a 1992 da sunan Hummer. A masana'anta ɗaya aka riƙa haɗa su, a garin Mishawaka na jihar Indiyana, a kan layi ɗaya, sai daga ƙarshe a janye ta farar hula zuwa wani gini a yi mata fenti da kayan ciki. Shasin ƙarfe iri ɗaya ne, bodin alminiyon iri ɗaya ne, ƙafafu iri ɗaya ne.

A ƙafafun nan ne duk sirrin motar yake, don haka bari in ɗan tsaya a kansu. A motar da muka saba gani, sandar aksul tana shiga tsakiyar taya ne kai tsaye, shi ya sa tukunyar aksul take rataye a ƙasa, ita ce kuma abu na farko da dutse yake duka. A Humvee kuwa sandar tana shiga ta saman wani ɗan akwati da ke bayan kowace taya, a cikin akwatin akwai faya-fayen ƙarfe biyu masu haƙora, na sama yana juya na ƙasa, na ƙasan ne yake juya tayar. Wannan dabara ta ɗaga duk kayan cikin motar sama, ta kuma kusan ninka ƙarfin juyi a daidai bakin taya. Shi ya sa tazarar cikinta da ƙasa ta kai inci 16, wajen santimita 40 ke nan, kuma idan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta za ka hango haske ta ɗaya ɓangaren, babu abin da ya rataya. Birkin ma ba a cikin taya yake ba, an mayar da shi ciki, kusa da tukunyar aksul, lagireto kuma yana kishingiɗe ne a saman inji maimakon ya tsaya a gaba.

To amma kayan da aka ɗaga dole su sami wurin zama, wurin kuwa shi ne cikin ɗakin fasinja. Inji da akwatin giya da farfela duk an tura su tsakanin kujeru, an rufe da wani tudu mai faɗi kamar teburi. Motar da faɗinta ya kai kusan mita 2.2, amma mutum huɗu kawai take ɗauka, kowa a matse a kusurwarsa, direba kafaɗarsa na gogar ƙofa, idan kuma ya miƙa hannu da ƙyar zai taɓa wanda ke gefensa. H1 ta gaji wannan duka, domin ba abin da kafinta ko mai ɗinkin kujera zai iya gyarawa ba ne.

Abin da aka canza shi ne abin da doka da jikin ɗan Adam suka tilasta. Wutar ta soja bolt 24 ce, aka mayar da ta farar hula bolt 12 kamar sauran motoci. Ta soja ba ta da makulli, wani maɓalli ake murɗawa ta tashi, don kada soja ya tsaya neman makulli a lokacin tashin hankali. H1 tana da makulli da ƙofofin ƙarfe masu kullewa da gilashin da ke hawa da sauka. An sa mata abin rage ƙara da zafi, da na'urar sanyaya ɗaki, da fitilu irin waɗanda dokar titi ta amince da su, aka kuma daidaita injin da dokar hayaƙi.

Sulke kuwa babu shi. Ita kanta Humvee ta farko, wato M998, ba ta da shi, da yawansu ma ƙofofin tamfol ne da su, domin an ƙera ta ne ta maye gurbin ƙananan jif-jif da akori-kura masu jigilar mutane da kaya, ba don ta tsaya gaban wuta ba. Sai bayan gumurzun da sojojin Amurka suka yi a Mogadishu ta Somaliya a 1993, sannan nakiyoyin gefen hanya a Iraƙi daga 2003, aka duƙufa wajen lafta mata sulke, nauyin ya yi ta cin ƙafafu da inji. Ka gaya wa abokinka cewa bodin H1 alminiyon ne siriri, harsashi zai wuce ta cikinsa kamar yadda zai wuce ta cikin kowace mota.

Ɗalibin Tarihi ya amsa:

Allah ya saka wa Baba Bakanike da alheri, bayaninsa ya gamsar. Ni dai ina so in faɗaɗa maganar kaɗan, domin a ganina H1 ita ce baƙuwa a cikin danginta, kuma ba za a gane ta sosai ba sai an ajiye ta kusa da kakarta. A yaƙin duniya na biyu kamfanonin Willys da Ford sun ƙera jif sama da 600,000. Tun yaƙin bai ƙare ba Willys ya fara tunanin wanda zai sayi motar idan sojoji suka daina saye, amsar da ya samu kuwa ita ce manomi. A 1945 ya fitar da jif ta farar hula mai suna CJ-2A, kuma duk abin da aka sauya a jikinta saboda aiki aka sauya shi: aka buɗe mata ƙofar baya don loda kaya, aka mayar da safaya gefe, aka ƙara girman fitilun gaba, aka sa akwatin giya mai ƙwari, sannan ana iya sa mata sandar da ke fitar da juyin inji waje don ta tuƙa injin sussuka ko zarto ko famfon ruwa. An sayar da sama da 200,000 cikin kimanin shekara huɗu.

Ita kuwa H1, daga 1992 har zuwa 2006 da aka daina ƙera ta, ba a kai 12,000 ba. Dalilin bai ɓuya ba: ba a tambayi wane aiki za ta yi wa farar hula ba, domin ba aiki ya kawo ta kasuwa ba, kwarjini ne. Mutane sun gan ta a talabijin tana keta sahara a yaƙin Tekun Fasha na 1991, sha'awa ta kama su, ɗan wasan fim Arnold Schwarzenegger kuma ya yi ta matsa wa kamfanin lamba har aka yarda aka fitar da ita, shi ne ma ya karɓi na farko-farko. Mai sayenta yana biyan kuɗi ne don kada a canza ta, kuma zuwa shekarunta na ƙarshe farashinta ya haura dala 100,000.

Sauran dangin kowace da hanyar da ta bi. Toyota ya ƙera wata jif mai suna BJ a 1951 yana neman kwangilar rundunar tsaron Japan, bai samu ba, aka ba Mitsubishi, sai dole ta sa ya nemi masu saye a wani wuri, a 1954 motar ta zama Land Cruiser. Ina yawan tunanin cewa wannan rashin ne ya yi mata rana, domin da ta ci kwangilar wataƙila da buƙatun soja ne za su ɗaure ta. Land Rover kuma, wadda mutane da yawa suke ɗauka motar soja ce da aka saki, akasin haka ne: Maurice Wilks ya tsara ta ne don gona, aka nuna ta a Amsterdam a 1948, daga baya sojoji suka ɗauke ta. G-Wagen ta Mercedes, da ake haɗawa a birnin Graz na Ostiriya tun 1979, ta fara da fuska biyu, ta soja da ta farar hula, amma daga 1990 reshen farar hula ya kama gabansa har ya zama motar alfarma. A cikinsu duka, H1 ce kaɗai ta ƙi nisa da bariki.

Baban Sadiq ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Bakanike da Malam Ɗalibin Tarihi. Yanzu na fahimci cewa a maganar shasi da ƙafafu ni ne zan sauko, a maganar harsashi kuma shi ne. Amma har yanzu rabin tambayata na nan. Idan tushen ɗaya ne, kuma abin da aka ƙara wa H1 bai wuce makulli da kujeru da sanyi ba, ashe wanda ya sayi ta gwanjo ya ɗan kashe mata kuɗi bai fi wayo ba? Ko akwai wanda ya taɓa gwadawa a cikinmu?

Baban Ilham ya amsa:

Malam Baban Sadiq, ni na gwada, kuma irin wannan lissafin naka ne ya kai ni. A Amurka nake zaune, kuma tun ƙarshen 2014 da aka fara sayar wa jama'a tsofaffin Humvee a gwanjo nake sa ido, har na sami wata M998 a hannun wani da ya riga ni saye ya gaji da ita. Da na yi tambaya a kan dalilin gajiyarsa, da na rage wa kaina wahala.

Abu na farko shi ne takarda. Ana sayar da su ne a matsayin motocin da ba na hawa titi ba, kuma samun lamba ya danganta da jihar da mutum yake. Wata jiha tana bayarwa bayan an cika sharuɗɗa, wata kuwa ba ta bayarwa sam. H1 ba ta da wannan matsala, tana da lambar shasi irin ta kowace mota, mai inshora ya san ta, ofishin lasisi ya san ta. Wani kaso mai tsoka na kuɗin da ake biya a H1, kuɗin wannan kwanciyar hankali ne.

Sannan ga zama a cikinta. Injin dizal ne mai lita 6.2, ƙarfin doki 150 kacal, da giya uku, kuma a jikin sandar giyar babu wurin fakin, sai dai ka sa ta a furi ka ja birkin hannu ka yi addu'a idan wurin gangare ne. Da ka kai gudun babbar hanya injin zai riƙa ihu a daidai gwiwarka ta dama, zafinsa yana ratso tudun nan da Baba Bakanike ya ambata, haƙoran ƙafafu suna kuka, ba ka jin maganar na kusa da kai sai ya ɗaga murya. Ranar da taya ta yi faci na gane cewa wilin gida biyu ne da aka ɗaure da notina, a ciki kuma akwai wani zoben roba mai nauyi da ke ba motar damar tafiya ko iska ta fita. Abu ne mai kyau ga wanda ake harbi, amma ni da ɗana mun shafe yammaci guda muna kokawa da taya ɗaya.

Babbar wautar da na yi kuwa ta wuta ce. Batura biyu ne a ƙarƙashin kujerar fasinja ta gaba, kowane bolt 12, an jera su sun ba da 24. Na so in sa rediyo da abin cajin waya, sai na ga ai abu mai sauƙi ne in ja waya daga batir ɗaya. Ya yi aiki kuwa, na yi ta murna. Abin da ban sani ba shi ne, batirin da nake zuƙa kullum yana ƙasa da ɗan'uwansa, caji kuma yana bi ta cikinsu ne a jere, don haka ɗaya ba ya cika, ɗayan kuma yana shan fiye da ƙima. Bayan 'yan watanni, wata safiya mai sanyi na murɗa maɓalli, fitilar jira, wadda ke nuna a dakata kafin a tayar da inji, ta yi ja-ja ta mutu, da na ɗaga kujera sai warin ruwan batir ya buge ni, ɗayan ya kumbura gefensa kamar an hura shi. Na sayi sababbi biyu, na kuma sayi na'urar rage wuta wadda tun farko ita ya kamata in saya.

A nan ne na gane abin da ba a rubutawa a takardar gwanjo. Motar soja ba ita kaɗai take aiki ba; a bayanta akwai direban da aka wajabta wa duba ta da littafi a hannu kafin ya tashe ta, akwai makanikai masu albashi, akwai sito cike da kayan gyara, akwai tankar mai da ke bin ayari. Wanda ya tsara ta ya san duk waɗannan suna nan, shi ya sa bai damu da shan mai ko yawan wuraren da ke son duba ba. Ranar da ka saye ta, kai ne direban, kai ne makaniken, kai ne sito, aljihunka kuma shi ne tankar. Mai H1 ma bai tsira daga wannan ba, ya dai sami kujera mai laushi da zai zauna yana lissafi.

Maman Nabila ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ina so in ƙara abu ɗaya don kada Baban Sadiq ya koma wurin abokinsa su sake rikicewa, domin yawancin abin da mutane ke nunawa a titi suna cewa Hummer, ba H1 ba ce. A 1999 kamfanin General Motors ya sayi sunan, daga nan ne ma aka fara kiran Hummer ta asali da sunan H1, sannan ya fitar da H2 a 2002 a kan ƙashin manyan akori-kurarsa, ya biyo da H3 a 2005 a kan na ƙaramar Chevrolet Colorado. Waɗannan biyun ba su da ƙafafun nan masu haƙora, ba su da tudun tsakiya, babu abin da suka gada daga Humvee sai kama da suna. An rufe sunan gaba ɗaya a 2010, ya dawo daga baya a jikin motar lantarki ta GMC, wadda ita ma ba ta haɗa komai da soja ba.

Sannan ina da ja a kan yadda ake kambama ta a daji. Na yarda a sahara da fili buɗaɗɗe da hawan tudu mai tsayi samun irinta sai an tona, tana kuma ratsa ruwan da ya kai santimita 76. Amma na taɓa bin ayarin masu yawon daji a wata siririyar hanya tsakanin itatuwa, ƙananan motoci suna wucewa salin-alin, mai H1 kuwa sai da aka sauka ana yi masa jagora da hannu a kowace kwana, rassa suna kankare fentin da ya biya kuɗi mai yawa a kansa. Sawun tayoyinta ma bai dace da sawun da sauran motoci suka bari ba, kullum ƙafa ɗaya a rami ɗaya a kan tudu. Toyota ya lura da wannan lokacin da ya yi tasa irin, Mega Cruiser, a tsakiyar shekarun 1990, sai ya sa tayoyin baya su ma suna juyawa don ta iya kwana a ƙaramin wuri, amma ita ma 'yan kaɗan ne suka shiga hannun fararen hula.

Tsohon Bakanike ya sake amsawa:

Hajiya Maman Nabila, maganarki dutse. Faɗin nan saboda kada ta kife a gefen tudu aka yi shi, da kuma ɗaukar makamai a samanta, ba wanda ya yi tunanin itatuwa. Baban Ilham kuma, Allah ya mayar da alheri, ba kai ne na farko da batir ya koya wa wannan karatu ba.

Baban Sadiq, idan har wata rana abin ya wuce musu ya kai ga saye, a cikin H1 ɗin ma akwai hawa-hawa. Na farkon suna da injin nan mai lita 6.2 da giya uku, a 1994 aka koma lita 6.5 da giya huɗu, a 1996 aka kawo mai turbo, sai daga ƙarshe aka fitar da Alpha, samfurin 2006, mai injin Duramax na lita 6.6, ƙarfin doki 300, da giya biyar ta Allison. Ita ce kaɗai na tuƙa na ji injin ya yi daidai da nauyin da yake ja, wanda ya haura tan uku, kuma a 2006 ɗin aka daina ƙera H1.

Kowace ka samu, kafin ka dubi fenti ka sa a kwance maka noti a kowane ɗaya daga akwatunan ƙafa huɗun nan, ka tsoma yatsa. Idan man ya fito kamar madara, ruwa ya shiga. Idan ka murza shi ka ji gari-gari yana ƙyalli, haƙora sun fara cin juna. Ka leƙa birkin da ke ciki ka ga ko man aksul ya jiƙa shi, ka kuma taɓa notinan da suka riƙe sandunan aksul, domin suna son a riƙa ɗaure su. Idan tana da na'urar nan da ke ƙara wa tayoyi iska ko ta rage daga wurin direba, ka cika su da yamma ka bar ta ta kwana, da safe ka zo ka ga wace ƙafa ce ta durƙusa. Sannan ka nemi mai motar ya kai ka wurin da taya ɗaya za ta ɗaga sama: mai H1 na gaskiya zai ɗan taka birki da ƙafar hagu yana ba ta wuta da ta dama, sai ka ji juyin ya koma tayar da ke ƙasa motar ta fita. Idan ya tsaya yana ta ba ta wuta tayar tana juyawa a iska, to bai taɓa fita da ita daga kwalta ba, kuma ni a wurina wannan dalili ne na ƙara masa kuɗi.